Layin Gangare

"Kumfarka ce, Mai Wanki. Shafa ganyen nan ka ji, har santsin sabulu yake yi."

"Kumfar tawa ƙafafu gare ta ke nan? Ta fita daga rami, ta tsallake dakali, ta je ta zaɓi bishiya?"

Baba bai ɗago kai ba da ya faɗi haka. Yana tsugune gefen tayar wata tasi da soso a hannu. Mai Bulo, maƙwabcinmu a bakin rafi, yana tsaye a kansa riƙe da busasshen reshen mangwaro, yana kaɗa shi kamar wanda ya kamo ɓarawo.

"Ni dai na gaya wa Nas. Ranar Asabar za a zauna a kanka."

"Ka gaya mata ƙurar simintinka? Ko ita taki ce?"

"Ƙurata sama take tashi. Ruwanka ne yake bin ƙasa."

"Allah ya ƙara ilimi, Farfesa."

Direban tasin ya yi dariya. Ni ban yi ba. Ina riƙe da tiyo, ruwa yana zuba a kan takalmina, ina kallon inda idon Mai Bulo yake zuwa. Ba dashen da ya mutu yake kallo ba. Dakalinmu yake kallo, shimfiɗar simintin da motoci suke hawa a wanke su, da gangaren da suke bi su sauko. Ya daɗe yana kukan cewa ba shi da wurin shanya bulo. Tifarsa ma a titi take sauke yashi, yaransa su yi ta jido da baro.

Rafin nan da can juji ne. Na taso ban san akwai ruwa a ƙarƙashinsa ba, sai in an yi ruwan sama ya kumburo ya shigo mana gida da ledoji. Nas ce ta tayar da maganar gyara shi bayan ta bar aikin asibiti. Ta bi gida gida har aka kafa ƙungiya, aka naɗa ta shugaba, aka naɗa yayana sakatare saboda shi ne mai iya magana a gaban baƙi. Duk Asabar muka riƙa shiga da ƙugiya da shebur. Mun ciro tayoyi, katifu, murfin firji, har da keken ɗinki. Ranar da ruwan ya fara tafiya da kansa, tsofaffi suka tsaya a kan kwalbati suna kallonsa.

Daga nan aka yi dashe a gaɓa biyun: mangwaro, gwaiba, da wasu na inuwa. Aka kuma yi doka, kowa ya ɗaga hannu ya yarda, har da Baba: duk wanda sana'arsa ta cutar da rafi ko dashe, zai tashi daga bakin ruwa. Saboda dokar nan muka haƙa rami muka cika shi da tsakuwa da gawayi, ruwan sabulunmu yana shiga can.

Dashen ya kama ko'ina. Ganye ya fito shar, har an fara kawo benci. Layi ɗaya ne kawai ya ƙi, wanda ya taso daga kwalbati ya bi gefen gangaren Baba. Ganyensa ya yi rawaya, ya nannaɗe, ya zube. Mun yi ta ba shi ruwa safe da yamma, kamar muna ƙara masa ciwo.

Tun kafin a haife ni Baba yake wanke motoci a wurin nan. Ba shi da wani wurin, ba shi da wata sana'ar.

A gida na tarar da Yaya yana guga. Umma tana zaune a bakin ƙofa tana ɓalle wa Baba maɓallan rigarsa ta aiki, don yatsunsa sun daina lanƙwasuwa yadda yake so. Sabulu da ruwan sanyi sun cinye su. Ba a maganar a gidanmu. Ni nake matse masa tsumma, Umma take sa masa maɓalli, kowa ya yi kamar bai gani ba.

Na jira Baba ya shiga ɗaki.

"Yaya, ranar Asabar me za ka ce?"

"Abin da aka ce in rubuta."

"Babanka ne fa."

"Sakatare ne ni, Auta, ba lauya ba."

"Ka san ramin nan yana aiki. Da kai aka haƙa shi."

Ya juya hannun rigar, ya ɗora dutsen guga. Bai kalle ni ba. "Kuma in ya tashi ɗin, sai me? Kana ganin hannunsa. Ya huta mana."

"Ya huta ya ci me?"

"Ku rage murya," in ji Umma.

Ba ranar Yaya ya fara faɗin haka ba. Tun da ya samu aiki a ofis, in abokan aikinsa suka kawo mota wanki, sai ya bi ta ɗaya gaɓar. Na sa wannan a raina, kusa da idon Mai Bulo.

Washegari da rana tsaka babu mota ko ɗaya. Baba ya jingina da bango ya rufe fuska da hula. Na ɗauki ƙaramin shebur na gangara layin. So nake in shinshina ƙasar. In sabulu ne zan ji, in baƙin mai wani yake zubawa a ɓoye zan gani.

Na haƙa gindin dashen farko. Ƙasar ba ta warin komai. Na ƙara nitsa shebur, sai na ji ya zame a kan wani abu. Na sa hannu.

Leda ce. Baƙar ledar da ake rainon dashe a ciki, tana nan yadda ta zo, ko tsaga babu. Na ciro dashen gaba ɗaya kamar an ciro tukunya. Da na yage ledar, saiwoyin sun nannaɗe juna sun yi dunƙule, sun yi baƙi, ruwan da muke ta ba su ya kwanta a ƙasan ledar ya ruɓar da su. Wari ya bugi hancina.

Na haƙa na biyu. Haka. Na uku, haka. Na haura kwalbati na tona gefen wata gwaiba mai rai: babu leda, saiwa ta bazu cikin ƙasa.

Na zauna a kan shebur ɗin. Mun yi watanni muna ciro leda daga rafi, sai ga shi an binne ta da hannu, layi guda.

Ranar dashe ba a bar kowa ya yi yadda ya ga dama ba. Yaya ne ya tsaya a kan baro ya koya wa jama'a. Kowane layi mutum uku: mai haƙa yana gaba, mai reza yana biye, shi zai tsaga leda ya sa dashe a rami ya rufe, mai ban ruwa yana baya. "Kar wanda ya binne leda," ya faɗa har sai da aka fara yi masa dariya. Nas ta raba reza sababbi a takardarsu, kowace ta ɗaure ta da jan zare, don in ta faɗi a ciyawa a gan ta kafin yaro ya taka.

Ni a ɗaya gaɓar aka sa ni. Amma na tuna na hango wani a layin gangare, a sunkuye, da farar ƙura a wandonsa. Mai Bulo.

Ban yi shawara da kowa ba. Na zuba dashen uku a bokiti na nufi gidan Nas. Ta fito da gilashinta a goshi, ta duba, ta sa yatsa ta taɓa saiwar kamar tana duba ƙurji. Ta ce mu je wurin wanki.

Kafin mu iso mutane sun biyo mu. Tela ya bar kekensa, mai shago ya leƙo, yaran Mai Bulo suka ajiye baro. Na juye bokitin a kan dakali.

"Ga sabulun," na ce. Na kalli Mai Bulo. "Ga kumfar da ka ce."

Baba ya cire hular daga fuskarsa. Na ɗauka zai miƙe. Ya dubi ledojin, ya dube ni.

"Wa ya sa ka?"

Haka kawai ya ce. Ba da ƙarfi ba.

"Baba, ba ruwanmu ba ne. Da gangan aka binne su." Na nuna Mai Bulo da baki. "Na gan shi a layin nan ranar."

Mai Bulo ya yi wata 'yar dariya, ya kakkaɓe hannu. "Ka gan ni, ɗan nan, ba ka yi ƙarya ba. Diga aka ba ni. Ramukan nan duka ni na haƙa su, har bayana ya riƙe. Da na gama na wuce layin gaba. Reza kuwa ban taɓa ta ba." Ya juya wajen Nas. "Shugaba, ke kika raba. Wa kika ba ta wannan layin?"

Nas ta sauko da gilashinta kan hanci. 

"Ranar Asabar," ta ce. "Ba a tsaye a rana ake wannan maganar ba."

"Ka tambayi gidanku," Mai Bulo ya ce mini da zai wuce. A hankali ya faɗa, kamar yana tausayina. Na fi son ya zage ni.

Yaya ya dawo daga aiki da labarin a kunnensa. Ko jaka bai ajiye ba, ya ja ni bayan gida wajen igiyar shanya.

"Kai wane irin mutum ne? Ba ka iya tambaya kafin ka tara jama'a?"

"Kai aka ba rezar."

"Ni aka ba."

"To ka gama da shi ke nan. Ka so ya huta, ga shi ka hutar da shi."

Ya ɗaga hannu kamar zai mare ni, sai ya kama igiyar. "Ka saurare ni, ɗan ƙaramin alƙali. Ko ɗaya ban dasa ba a layin nan. Ina tsugunawa aka kira ni, mutanen da suka kawo dashen sun iso, a zo a yi hoto, a zaga da su. Baba ne mai ban ruwan layin. Na miƙa masa rezar na ce ya fara, ina zuwa. Kafin in dawo ya gama rufewa, yana zuba ruwa."

"Ƙarya kake."

"Na so a ce ƙarya ce."

"Tun yaushe ka sani?"

"Ban sani ba. Zato nake, tun da ganyen ya fara rawaya." Ya saki igiyar. "Da sabulu aka ce, sai in roƙi Nas a ƙara zurfin rami, a ba shi dama. Sabulu kuskure ne. Wannan fa? Ka tuna abin da ya ce ranar da aka ja igiyar layin?"

Na tuna. Baba ya tsaya a saman gangare yana kallon turakun da aka kafa, ya ce, "In waɗannan suka girma, ta ina mota za ta sauko?" Nas ta ce za a riƙa sassabe rassan. Baba ya ce to. Tela yana wurin. Mai Bulo ma yana wurin.

"Hannunsa ne," na ce. "Ba ya iya riƙe reza."

"Wataƙila. Me ya hana shi kiran wani?"

"Kunya."

"Wataƙila," Yaya ya sake cewa.

Ban yarda da shi ba. Mutumin da yake bin ɗaya gaɓar don kar a gan shi da ubansa zai iya ƙirƙiro komai. Da sassafe na riga Baba zuwa wurin wanki. A cikin akwatin kayan aiki akwai wani tsohon gwangwanin madara da yake tara tarkace: murfin bawul, ƙusoshi, guntun waya. Ban taɓa buɗe shi ba, ba ni da dalili. Na juye shi a tafin hannuna.

Tana ciki. Reza a takardarta, jan zaren Nas yana ɗaure, ƙullin bai motsa ba.

Na gwada ƙullin da farce. Ƙaramin ƙulli ne mai tauri, irin na masu ɗinke rauni. Ni ma sai na dage kafin ya saki, don haka na bar shi. Yatsun Baba ba za su iya ba. Amma Baba yana da haƙora. Da su yake yage ledar garin sabulu kullum.

Na sa ta a aljihu. Ranar nan duka muna aiki kafaɗa da kafaɗa, yana sosawa ina ɗaurayewa. Na riƙa kallon hannunsa. Da soso ya kuɓuce masa sai in ce hannun ne. Da ya ɗaga cikakken bokiti ya watsa a kan gilashi sai in ce ba hannun ba ne. Shi kuma ko sau ɗaya bai nufi gwangwanin ba, bai kuma tambaye ni komai ba.

Ranar Asabar aka zauna a sabon filin da ke gefen kwalbati, a kan bencuna da tayoyin da muka ciro daga rafi muka yi wa fenti. Mutane sun fi na kullum. Baba ya zauna a baya, hannayensa a tsakanin gwiwoyi. Ledojin suna gaban Nas a cikin bokitina.

"Maganar sabulu ta mutu," ta ce. "Na je na duba ramin Mai Wanki da kaina, yana aiki. Saura wannan. Mutum bai binne leda a layi guda bisa tsautsayi ba, sai dai in akwai abin da ban sani ba. Ni na san wanda na ba reza. Ina so in ji daga bakinsa."

"A faɗi gaskiya dai," in ji Mai Bulo. "Akwai wanda tun farko bai so layin nan ba. Ba ni kaɗai na ji ba."

Tela ya sunkuyar da kai. Wasu suka waiwaya baya. Rezar tana aljihuna, ina jin kusurwar takardar a cinyata. Na kalli Baba. Yana kallon ruwa.

Yaya ya rufe littafinsa ya miƙe.

"Ni ne, Shugaba. Ni kika ba. Baƙi sun iso ana kirana, na yi sauri in gama layin. Na ce ledar za ta ruɓe da kanta."

Wurin ya fashe da hayaniya.

"Kai da ka hau baro kana mana wa'azi?" in ji Tela.

"Malam Kar-a-binne-leda!" wani ya yi ihu daga baya, aka kwashe da dariya.

Nas ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon Yaya ta saman gilashi, sannan ta kalli can baya inda Baba yake, ta dawo da idonta.

"Ka tabbata, Sakatare?"

"Na tabbata."

"To ajiye littafin."

Ya ajiye shi a kan benci. Ta ce Mai Wanki yana nan a wurinsa, dokar ba ta hau kansa ba. Ta ce gidanmu ne zai sake dasa layin, a daidai inda turakun suke, ba a matsar da ko ɗaya ba. Mai Bulo ya ce shi dai an ci amanar bayansa, ya tashi yana gunaguni. Da zai wuce ta gaban dakalinmu ya rage tafiya, ya dube shi, sannan ya wuce.

Yaya bai bi ta ɗaya gaɓar ba ranar. Ta gaban kowa ya bi, ana kiransa da sabon sunansa. A gida ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Umma ta kai masa abinci ta dawo da shi. Baba ya zauna a tsakar gida yana shafa mai a yatsunsa, ɗaya bayan ɗaya, bai ce a kira masa kowa ba.

Da safe aka kawo sabon dashe a baro, aka jere mana a saman gangare, kowanne a baƙar ledarsa. Yaya bai fito ba. Ni da Baba ne kawai. Ramukan suna nan a buɗe tun tonon da na yi, na ƙarasa sauran da shebur.

Wata babbar mota ta zo wanki. Baba ya tsaya yana yi wa direban hannu, dama kaɗan, hagu kaɗan, har ta sauko. Madubinta ya wuce turakun da tazarar da ba ta kai tafin hannu ba. Na ga Baba ya bi tazarar da ido. Ya ga na gani.

Na ciro rezar na ɗora a kan murfin akwati, tsakanina da shi. Jan zaren ya yi datti a aljihuna, amma ƙullin yana nan. Ya dube ta. Bai yi mamaki ba, bai kuma kai hannu ba. Ya sunkuya ya ɗauki soso, soson ya faɗi, ya sake ɗauka. Direban ya kunna rediyo ya tafi neman inuwa.

"Baba," na ce, "hannun ne ya ƙi, ko kai ne?"